Furannin Dajin Kwali

Furanni nake sayarwa a bakin titin Kurudu. Tukwanen da nake dashe a ciki daga Kwali nake sarowa, wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane da nake kira Mama. A ƙarshen wata damina na ga furannin daji masu ruwan ɗorawa sun cika bayan gidanta. Na san mutanen gari za su so su, sai na sa aka ciro mini har da ƙasarsu, tukunya talatin.

Wasu ganyen sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Ban damu ba. Matan can suna watsa tokar murhu a kan kuɓewa saboda ƙwari, na ɗauka ita ce. Na jera su kusa da danginsu na gida, ja da ruwan hoda, waɗanda na yi wata biyu ina reno saboda wani otal.

Bayan mako guda wata Hajiya mai binciken tsirrai a Sheda ta tsaya sayayya. Ta murza ganye ɗaya na furannin dajin.

"Oga, wannan fa?"

"Toka ce, Hajiya. Da ita na kawo su mako guda da ya wuce."

"Kwana bakwai kana ba su ruwa ba ta wanku ba? Dubi jajayen nan. Tokar taka tafiya take yi?"

Na duba. Farin ya fara hawa kayan otal. Ta ce fumfuna ce mai cin ganye, iska ke kai ta ga danginsu.

Maƙwabcina mai sayar da irin ciyawa ya ce in goge ganyen da tsumma in sayar kafin a gane. Na ce masa wanda ya saya yau ya san hanyar dawowa gobe. Da yammar nan na tuge talatin ɗin na ƙona. Jajayen kuma na tsinke duk ganyen da ya kamu, na ware tukwanen don iska ta ratsa. Takwas suka mutu. Sauran na kai otal ganyensu shar.

Da na koma Kwali na ce, "Mama, ashe ba toka kika zuba musu ba?"

Ta ajiye yumɓun hannunta ta dube ni.

"Ɗana, kai da ke da wayon kasuwa! Wa zai ɓata toka a kan abin da ba a miya da shi?"

Har yanzu ina ɗauko furannin daji. Sai dai sukan yi mako biyu a bayan rumfata su kaɗai kafin su shiga cikin kayana.