Tseren da Balki ba ta nuna ba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwata Balki. Tun muna yara a Bagudo, in an aike ta da gudu take zuwa, da gudu take dawowa. Gudun nan ya kai ta gasa har Legas. Da ciwon gwiwa ya hana ta gudu, sai ta shiga gidan talabijin, har ta zama shugabar sashen wasanni.

Shekarar da ta hau kujerar, ta zo da ma'aikatanta suka ɗauki tseren 'yan matan makarantu a Zagga. Tana da wata ɗabi'a da ta ishi abokan aikinta: kafin a watsa, sai ta bi gida-gida ta nuna wa iyaye mata. Wadda ba ta yarda ba, a cire 'yarta. Har garin Dole Kaina ta je saboda uwa ɗaya tak.

Kowa ya yarda sai ni, yayarta, alhali 'yata Hauwa'u ce ta zo ta ɗaya. Bakin mutane nake tsoro.

Ta ce, "Yaya, in an hidda wadda ta ci, mi za mu gwada ma mutane?"

Na ce, "Ke kin saba da idon duniya. Tawa ɗiya ba ta saba ba."

Ta ce, "Ɗiyakki ta. An bari."

Shirin gaba ɗaya ya rushe. Faɗan da ta sha a ofis a bakin wasu na ji, ita ba ta taɓa yi mini gori ba. Hauwa'u kuwa daga ranar ta ajiye takalman gudu.

Yanzu kowace yarinya da wayarta, tana ɗaukar kanta ba ta tambayi kowa ba. Da Balki na nan, na san dariya za ta yi mini, ta kuma ci gaba da sallama ƙofa-ƙofa, don ita yardar uwa ta fi mata shirin daraja.

Bara mai ɗaukar hotonta ya aiko mini da bidiyon tseren, ashe Balki ta adana shi. A ciki na ga shugabar sashe guda ta manta da girmanta, tana ɗingishi a gefen fili tana kiran sunan Hauwa'u har muryarta ta dushe. Na yi kuka, kukan kewa da na kunya.

Hauwa'u na gefena da goyonta. Ta sa aka maimaita sau uku, sannan a hankali ta ce, "Inna, ashe haka nika gudu?"