Rediyo da Tsohuwar Hasumiya

Duk layinmu Rediyo ake ce masa, kuma Babana ne ya raɗa masa sunan. Mai aski ne. Shagonsa na ƙasan benen da muke haya, kujera biyu, madubi mai tsage a kusurwa, da fankar da ta daina juya kanta hagu da dama tun ina firamare, iska take ba mutum ɗaya kawai. Ni Kawu nake ce masa, don abotarsu da Baba ta girme ni. Idan ka zauna a kujerarsa ka ba shi kanka, to ka haɗa masa da kunnenka. Zai ba ka labarin ƙwallo, ya gaya maka abin da ya sa ruwan famfo ba ya hawa bene, ya koya maka yadda ake renon yara, duk kafin ya gama gefe ɗaya. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata, kuma ban taɓa jin wanda ya tashi daga kujerarsa da ƙwarzane ba.

Baba kuwa mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai tsadar magana. Amma da ya shiga shagon Kawu sai ka rantse wani aka canza. Musu suke yi kamar biyansu ake. Idan Kawu ya ce hadari ya haɗu, Baba zai ce hayaƙi ne. Kawu na kiransa Injiniya don tsokana, shi kuma ya ce, "Rediyo, rage murya, batirinka zai ƙare."

Wani labari mai zane-zane ya shigo rayuwarsu ta hannun wani mai zuwa aski da ya ƙi ɗaga kai daga wayarsa. Kawu ya gaji da cewa "ɗago", ya leƙa ya ga me ya ɗauke masa hankali haka, shi ke nan shi ma ya faɗa. Sunan labarin Hasumiyar Toka, wata mai zane ce da ba wanda ya san fuskarta take saka sabon kashi a intanet duk ranar Talata. Wani gari ne a tsakiyar daji mai cike da dodanni. A tsakiyar garin akwai hasumiya, a samanta akwai fitila, kuma kowa a garin ya yarda cewa hasken fitilar ne ke hana dodannin shigowa. Wata tsohuwa ce ke kula da ita, kullum tana hawa da tulun mai a kanta, gwiwa na ciwo, ba mai ce mata sannu.

Kawu ya nuna wa Baba, Baba ya ce shirmen yara ne, sannan ya karance shi tun daga farko. Mama ta ce, "Tsofai-tsofai da ku, kuna musu a kan dodon takarda." Ba su ji kunya ba. Sun yi musu a kan sarkin garin, sun yi a kan maƙerin da ya ɓace, sun yi har a kan ko dodanni na da haƙori. Abu ɗaya ne tak suka taɓa haɗuwa a kansa a rayuwarsu: tsohuwar nan. Kawu har hotonta ya buga ya manna a gefen madubi. Shi ne kuma ya buɗe zauren masoya labarin a waya, ya zama shugabansa. Ba ya iya rubutu da sauri, don haka saƙon murya yake turawa, kuma duk Talata ɗalibai da direbobi da ma'aikatan asibiti, mutanen da bai taɓa gani ba, jira suke su ji hasashen Kawu Rediyo.

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ta ja ni gefe ta ce maganarsa za ta iya dawowa, amma sai ya riƙa gwadawa, kuma idan ya daɗe yana shiru harshen zai saba da shirun, dawowar ta yi wuya.

Ya gwada sau ɗaya. 'Yan dubiya sun cika falo, ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, kalmar ta fito a karkace. Wata ta ce, "Allah sarki!" Wani ya yi sauri ya ƙarasa masa maganar. Baba ya dube su, ya juya fuskarsa bango, daga ranar bai sake cewa uffan ba. Na roƙe shi, Mama ta yi kuka, na kawo masa hotuna ina nuna masa kamar yaron da ake koya wa magana, ya ture su da hannun hagu. Gidanmu ya koma gidan sannu. Sannu Baba, sannu da jiki, sannu da ƙoƙari. Ni kaina na tsani kalmar, amma ban san wata ba. Tsoro nake ji sosai, kullum na wayi gari sai in ji kamar an ƙara rufe wata ƙofa tsakaninmu da shi. Abin da ya rage masa shi ne wayarsa, yana riƙe ta da hagu yana bin labarinsa da zauren, ba ya tura komai.

Kawu ne kaɗai bai taɓa ce masa sannu ba. Duk Talata da rana sai ya rufe shago ya hawo da jakarsa, ya ce, "Injiniya, wannan gemun naka ai dodo zai iya ɓuya a ciki." Ya yafa masa tawul, ya shafa kumfa, ya kunna tasharsa. A nan na fara lura da yadda yake aiki. Bakinsa na zuba, amma idonsa na kan zakaran wuyan mutum. Da ya ga ya motsa, sai ya ɗaga rezar sama ya jira. Da na tambaye shi, ya ce ubangidansa ne ya koya masa: mai shirin magana wuyansa ke fara sanarwa, mai askin da bai kula da wannan ba wata rana zai yanka mutum. Sau da yawa na ga wuyan Baba ya motsa, rezar ta tashi, ɗakin ya yi tsit. Sai Baba ya haɗiye abinsa, Kawu ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Haka aka yi ta yi har na daina sa rai.

Sai ga Talatar da mai zanen ta girgiza kowa. Tsohuwa ta hau hasumiya ba tulu a kanta. Ta tsaya ta kalli garin, ta sunkuya, ta hure fitilar da bakinta. Hoton ƙarshe baƙi ƙirin ne, ba ko kalma ɗaya.

Zaure ya kama da wuta. Wani ya ce ba ita ba ce, 'yar biyunta ce da aka ɓoye. Wata ta ce dodo ne ya shiga jikinta, a duba yadda aka zana inuwarta. Wani ya ce mafarkin sarki ne. Akwai wanda ya faɗaɗa hoton har ya ƙirga yatsun ƙafarta ya ce sun yi yawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa ruwa ba ya tsami banza, a yi wa tsohuwa uzuri tukuna. Kowa dai yana nema mata mafita, kuma kowa na jiran shugaba ya yi magana, don an san ba wanda ya kai shi son ta.

Saƙonsa ya shigo. Na saurara sau biyu don ban yarda da kunnena ba. Cewa ya yi, "Ku daina wahalar da kanku. Maciya amana ce tun shafin farko. Sayar da garin ta yi wa dodanni don su mayar mata da ƙuruciyarta. Duk hawan benen nan da ciwon gwiwa, yaudara ce. Tsohuwar banza ce, mu ne ba mu gane ba."

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Yaran da ya yi jika da su suka riƙa cewa tsufa ya fara taɓa shi. Wasu suka fita daga zauren, wasu suka ce a sauke shi daga shugabanci, aka kuwa sauke shi. Ni duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ke faruwa a ɗakinmu. Baba ya kunna saƙon, ya ƙare, ya sake kunnawa. Fuskarsa ta yi baƙi, ya ƙi abinci. Abu ɗaya da ya rage wa bawan Allah yake jin daɗinsa, amininsa ya taka shi a gaban jama'a. Kuma ranar Kawu bai hawo aski ba.

Na sauka shagon a fusace. Hoton tsohuwar ma ya cire shi daga gefen madubi, sai alamar gam. Ban ko gaishe shi da kyau ba na ce, "Kawu, me Baba ya yi maka? Ka san yana jin komai."

Bai ɗago daga kan da yake aski ba. Ya ce, "'Yata, ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa."

Da ba don girmansa ba, da ranar na faɗi abin da zan daɗe ina ba da haƙuri a kansa. Na koma sama ina huci.

Sai da ya bar Baba ya dahu sosai, sannan ya hawo ranar Alhamis, yana ta yin fito kamar wanda aka yi wa albishir. Na so in tare ƙofa, Mama ta riƙe ni. Ya yafa tawul, ya shafa kumfa, ya aske gefe ɗaya, yana yi yana zuba.

"Injiniya, ka ga mutuniyarka ko? Ni dama na daɗe ina zarginta. Dubi idonta, idon ɓarayi ne sak. Man fitilar ma ina jin rabi take zubawa ta sayar da rabi. Kai da kake cewa ba kamarta, yanzu sai ka nemi wata uwar."

Wuyan Baba ya motsa. Reza ta tashi. Wannan karon Kawu bai mayar da ita ba. Ya tsaya da hannu a sama, ya yi shiru, Rediyo guda ya yi shiru, har na fara jin ƙarar firij daga kicin.

"Ƙwa…" in ji Baba. "Ƙwa… ri."

Na gane abin da yake nufi, na buɗe baki zan taya shi. Kawu ya yi min wani kallo da bai taɓa yi min ba, na rufe bakina.

"Ban ji ba," ya ce. "Ƙwari? Me ƙwari suka yi?"

"Wu… ta." Gumi ya keto wa Baba ta cikin kumfa. "Wuta… suke… bi."

"To sai me? Ni ina maganar dodanni, kai kana kawo min ƙwari."

Baba ya damƙi hannun kujera da hagunsa. Kalma na fitowa a karye, wata ya maimaita ta har sai ta tsaya da ƙafarta, wata ta ƙi fitowa ya zagaya ya nemo 'yar'uwarta. Kawu bai ƙarasa masa ko ɗaya ba, bai kuma yi kamar ya gane abin da bai gane ba. A hankali hasashen ya haɗu. Duk wanda ya taɓa ɗaura ƙwan lantarki a waje ya san haske ba ya korar ƙwari, tara su yake. Fitilar ce ke kiran dodanni tun asali. Tsohuwa ta gano, ta san ba wanda zai yarda da ita, shi ya sa ta hure ta ita kaɗai ta ɗauki baƙin jinin.

Mama na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ni ina jira Kawu ya rungume shi. Sai ya taɓe baki ya ce, "Shirme. Wannan tunanin masu gyaran soket ne."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, rabin fuska a aske, rabi kumfa ta bushe, ya ce, "Jaki." Wannan kam ta fito tas, ba ko gargada.

Mama ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Kawu ya ce, "Naka wasa ne," ya sake jiƙa kumfar ya ƙarasa askin, suna ta musu, shi da kalma goma, Baba da guda ɗaya.

Da ya fita na bi shi don in riƙe masa jaka. A kan matakala na same shi zaune, jakar a cinyarsa, yana ta kokawa da zif. Na durƙusa na rufe masa. Idonsa ya yi ja.

Na ce, "Kawu, da gangan ka yi."

Ya ce, "Tsohuwar nan ko a mafarki ba za ta ci amana ba. Wallahi da na tura saƙon nan kasa cin abinci na yi. Kuma kin ji abin da Babanki ya kawo? Duk zauren ba wanda ya hango haka."

"To ka koma ka gaya musu mana. Zaginka suke yi, sun ƙwace maka zaurenka."

Ya girgiza kai. "Babanki na cikin zauren, zai ji. Idan na yarda da shi, me zai sa ya sake buɗe baki? Ranar Talata ko da sabulu mai zanen ta wanke tsohuwar, ni cewa zan yi ban yarda ba."

Daga sama muka jiyo muryar Baba, a karkace, da ƙarfi, yana kiran Mama ta kawo masa abinci. Kawu ya saurara har ya gama, ya goge fuska da tawul ɗin aski, ya dafa bango ya miƙe.

Ya ce, "'Yata, ke kin fi ni karatu. Kafin Talata ki taya ni nemo wata ƙaryar, wadda ta fi wannan ciwo."