Dattijon da Ke Juya Zoɓo

A wata walima a Ƙofar Kuyambana, Muhsin ya kasa ɗauke ido daga wani dattijo siriri mai furfurar gemu, sanye da tsohuwar kwat a kan kaftani. Kowa na kwankwaɗar zoɓo mai ƙanƙara, shi kuwa yana riƙe da kofin gilashi da yatsu biyu, yana jujjuya shi, ya ɗaga ya duba, ya kurɓi kaɗan, ya lumshe ido. An miƙo tsire, ya ture. An kawo waina, ya gyaɗa kai.

Muhsin bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ya sha kallo a waya yadda masu yin jar giya a Italiya ke shirya liyafa, kowane nama da kwalbar da ta dace da shi. Nan take ya tsara wa dattijon rayuwa: lallai ya yi shekara da shekaru a can yana zuba wa Turawa abin da bai taɓa kaiwa bakinsa ba.

Shi ma sai ya hau juya kofinsa, har zoɓon ya fantsamar masa a farar riga. Ya matsa, ya gyara murya.

"Baba, ashe zoɓo ya fi dacewa da waina? A Italiya kuka koyo?"

Dattijon ya dube shi, hannu a kunci.

"Wace Italiya, ɗana? Haƙori ke damuna. Jira nake ƙanƙarar ta narke."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Muhsin, bai ma san ko wa yake yi wa addu'ar ba.