Bazazzagin da Ke Ɗaura wa Mangwaro Aure

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 17 ga Afrilu, 1996, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Malam Bamalli, tsohon malamin gona, a gidansa da ke Kurmin Sarki a nan Suleja, bayan gajeriyar rashin lafiya. Aka yi masa sutura bayan azahar. Tun daga ranar nake ɗaukar alƙalami da niyyar rubuta abin da zai sa jama'a hawaye, amma duk inda na taɓo a zamanmu sai in tarar da dariya. Saboda haka, Malam, ka yi haƙuri da abin da ya samu, kai ka jawo.

Ni Bakano ne, kai Bazazzagi, don haka tun kafin mu san juna wasa ya riga ya haɗa mu. Aiki ne ya kawo ni Abuja sa'ad da aka taso da ma'aikatu daga Legas, na kama haya a unguwarku. Ranar da ake sauke kayana ka tsaya a ƙofar zaurenka, ka ce wa maƙwabta su rufe rijiyoyinsu, Bakano ya iso, gobe zai fara sayar musu da ruwansu. Na ce ai gara mai sayarwa da wanda zai yini yana yi wa ruwan dogon bayani. Ka yi dariya har da riƙe ciki, da yamma kuma ga tuwo daga gidanka.

Duk Suleja an san ka da abu guda: yi wa mangwaro aure. Ka yanko ɗanyen reshe daga bishiya mai zaƙi, ka fiƙe shi, ka tsaga jikin wata mai tsami ka cusa, ka naɗe da leda, nan gaba sai ta riƙa haihuwar 'ya'ya masu daɗi. Kakan ce ka fi limamin unguwa ɗaura aure, kuma naka ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Liman da kansa yakan aiko a kira ka. Gidajen da ke shan inuwa da zaƙin hannunka a garin nan ba su ƙirguwa, daga bayan fada har zuwa hanyar kasuwa, kuma ban taɓa jin ka tsaya jiran godiya ba.

Bara na yi ritaya, kuma a cikin shekarar nan guda na koyi abin da ban koya ba a duk zamana na ofis. Na dawo gida da zafin rai. Babu motar asuba zuwa Abuja, babu wanda zan ba umarni sai kaji. Amma ainihin abin da ke cin raina ɗana ne, Ja'afar. Na sha wuya kafin in sama masa aiki a ma'aikata, yaron nan ya ajiye shi ya tafi Gawu Babangida noman doya da masara. Na ce tunda ya zaɓi garma, ƙafata ba za ta taka gidansa ba, shi ma kada ya tako nawa. Matarsa Mardiyya ta haihu, aka sa wa jaririyar sunan mahaifiyata, Ummukulthum, ban je ba. Har yau ban ce yaron ya yi daidai ba. Sai dai ina kwana ina tashi da kewarsa, kuma ba ni da hanyar janye maganata ba tare da na ji kunya ba.

Ka san duk wannan, amma ko sau ɗaya ba ka zaunar da ni ka yi mini wa'azi ba. Abin da ka yi shi ne ka ɗauke ni aiki. Akwai wani mangwaro a tsakar gidan da nake haya, mai tsami da zare, wanda ko yara ba sa jifa. Ka tarar da ni ina wasa gatari, ka karɓe shi ka jingine, ka ce Kanawa ba su san maganin abu ba sai sara ko sayarwa. Daga ranar na zama mai riƙe maka leda da wuƙa, muna bin gidaje. A nan na koyi cewa yanka ɗaya ake yi, da wuƙa mai kaifi, ba a ta sassaƙa. Na kuma koyi cire hannu. Auren farko da na ɗaura da kaina, kullum sai na kwance ledar in leƙa ko ya kama, har reshen ya bushe. Ka zo ka duba, ka ce, "Alhaji, wane ango ne zai zauna lafiya uban gida na leƙa ɗaki kullum?" Na yi dariya, amma na koma gida ina ta juya maganar.

Da damina ta fara sauka ka ce lokacin auren mangwarona ya yi, sai dai amaryar da ta dace da shi ba ta cikin Suleja. Wai akwai wata bishiya guda tak, marar zare, mai ƙamshi, can wajen Lambata, babu irinta a duk ƙasar nan. Na hau bayan tsohuwar Basfarka muka kama hanyar Minna, ina riƙe da hulata da hannu ɗaya, kana ta ba ni labarin gonakin da muke wucewa. Muka wuce Lambata ba ka tsaya ba. Da na ga mun shiga Gawu na fara dukan kafaɗarka, ka ce iska ta hana ka ji.

A ƙofar wani tsohon gidan gona ka kashe babur. Ga bishiyar kuwa, ta cika tsakar gida, da ragowar 'ya'yanta na ƙarshen lokacin mangwaro. Ga kuma Ja'afar tsaye da fartanya a kafaɗa, ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, ya kasa ko motsi. Na juya zan fita, sai ka yi maza ka yanko rassa ka damƙa mini, ka ce, "Riƙe, in sun sha iska sun mutu. A kawo jiƙaƙƙen tsumma!" Kai kuma ka haye bishiya, da furfurarka da komai, ka bar ni a ƙasa hannu biyu a cike. Mardiyya ta fito da tsumman, ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zuwa." A bayanta ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana tafiya tana tangaɗi, ta zo ta kama ƙafar wandona ta tsaya. Goshin mahaifiyata ne sak. Ban san lokacin da na miƙa wa Ja'afar rassan na ɗauke ta ba.

Daga can sama na ji kana cewa, wai Bakano ya ga riba ya saki kaya. Mun yini a gidan. Na ci sakwarar doyar da na rantse ba zan taɓa ba, har na nemi ƙari. Ja'afar ya zagaya da ni gonarsa, na yi ta samun abin kushewa, shi kuma yana ta cewa to, Baba. A hanyar dawowa ban ce maka na gode ba, kai ma ba ka ba ni dama ba, sai zancen farashin taki ka yi ta yi har gida.

Sauran shekarar ta zo mini da daɗin da ban zata ba. Na koyi zama a ƙasa in yi wasa da jika ba tare da duba agogo ba. Na koyi cewa mutum na iya riƙe ra'ayinsa ya kuma riƙe ɗansa, hannu biyu Allah ya ba shi. Na koyi hawa motar Gawu ranar kasuwa, a matse tsakanin buhuna, ina jin kaina kamar mai zuwa ɗaukar albashi. Auren da muka ɗaura wa bishiyar gidana ya kama, ya fid da ganye jajaye masu sheƙi, ka zo ka gani ka ce saura biki.

Ranar da ka rasu, ni da Ja'afar muka shiga kabari muka karɓe ka. Da aka yi sadakar uku, aka shigar da ni cikin gida in yi wa mai ɗakinka, Hajiya Sakinatu, gaisuwa. Duk zamanmu ban taɓa wuce zaurenka ba. Aka kawo mini mangwaro a faranti daga bishiyar tsakar gidanka. Ina kai shi baki na tsaya: ƙamshin nan ne, babu zare ko ɗaya. Na ce, "Hajiya, wannan ai irin na Gawu ne." Tana cikin takaba, idanunta a kumbure, amma sai da murmushi ya ƙwace mata. Ta ce, "Alhaji, ai na Gawu 'yar wannan ce. Daga nan ya yanki reshen ya kai can, tun yana aiki a wajen."

Ashe amaryar tana bayan katangar gidana, taku kaɗan daga inda nake kwana. Na fito zaure ina dariya ina share hawaye, masu zaman makoki suna kallona kamar na zautu. Ka ci ni wasa, Bazazzagi, ka kuma tafi ba ka bari na rama ba. Wannan karon na sallama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sakinatu, da 'ya'yanka Siddiq da Nasiruddeen da 'yan'uwansu mata, da jama'ar Kurmin Sarki, da duk gidan da ka taɓa shiga da wuƙa da leda. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sa kowane ɗa da aka tsinka a bishiyoyinka ya zama sadaka mai gudana gare ka. Ya Allah, wannan bawa naka ya same ni na yanke ɗana da bakina, bai huta ba sai da ya mayar mini da shi. Ka sada shi da iyayensa da duk masoyansa a Aljannar Firdausi, haɗuwar da babu rabuwa bayanta. Amin.

Alhaji Gwadabe,
Kurmin Sarki, Suleja.