Lamba Mai Gari

Duk wanda ya taɓa sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu da ke Guangzhou ta hannun Bahaushe, da wuya a ce bai ga Sabiru ba, ko da ƙeyarsa ce, don yawanci ƙeyar ake gani. Mutum ne da ba ya tsayawa. Haifaffen Fagge ne, ya yi wayo a layin 'yan takalma na Ƙofar Wambai, ya sauka Guangzhou da jaka guda da kalkuleta a aljihun gaba. Aikinsa shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira ejan: kana Kano ko Maraɗi ka turo hoto da kuɗi, shi ya shiga kasuwa ya nemo, ya yi ciniki, ya buɗe kwali ya ƙirga, ya kai sito, ya tsaya a kai har a loda a kwantena. Ɗakinsa na Panyu, can kudu inda haya ke da sauƙi, kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa ƙofa ɗaya yake tsayawa kullum, wadda ya gano ita ce ke buɗewa daidai bakin matakala.

Abu ɗaya ne Sabiru ba ya yi, zaman shan shayi. Kusan duk ofis ko babban shago a garin nan akwai teburin shayi a lungu, na katako mai magudanar ruwa, da 'yan kofuna ƙanana da ba su fi kurɓi biyu ba. Da ka shiga, lauban, wato maigidan wurin, zai nuna maka kujera. Sabiru sai ya dafa ƙirji, ya ce "shiye-shiye", godiyarsu ke nan, ya nuna agogo, ya wuce. A lissafinsa, zama ɗaya shago uku ne ya tafi a banza.

Rabin abincinsa a hannun mutum ɗaya yake, Alhaji Ma'azu, babban ɗan kasuwar takalma a Kano. Alhaji ya yi shekaru yana zuwa Guangzhou da ƙafarsa kafin gwiwa ta zaunar da shi, don haka yana da Turancin kasuwa da 'yar gaisuwar Sinanci. Yana kuma da hali guda. Wani ejan, tun kafin Sabiru, ya taɓa rantse masa kaya suna kan teku alhali suna jibge a ƙasa. Tun daga nan, ko an turo masa hoto da bidiyo, sai ya buga sito da kansa ya ji da kunnensa.

To, lambar da ke kan rasit ɗin kamfanin da Sabiru ke kai kaya da 400 take farawa. Irin wannan lamba ba ta da gari. Ta Guangzhou da 020 take farawa, kamar yadda ta Kano ke farawa da 064 a zamanin wayar tebur, ka san inda take, ka san akwai mutum kusa da ita. Ita kuwa 400 ta kamfani ce kawai, babu teburin da za ka nuna ka ce nata ne. Daga Kano wani lokaci ba ta shiga sam. Ranar da ta shiga, na'ura ce za ta ɗauka, ta jero maka danna kaza danna kaza da Sinanci, ta sako kiɗa, kati na zurarewa a farashin ƙasar waje.

"Sabiru," in ji Alhaji wata rana a waya, "ni takalma na saya ko kiɗa?"

"Ranka ya daɗe, kaya suna nan ƙalau. Ai na turo hoto."

"Hoto ba ya amsa gaisuwa. Yaron nan Waris, da na ba shi 'yan kayan yara ya haɗa mini a wani siton daban, lamba ya turo tare da rasit. Bugu ɗaya mace ta ɗauka. Ka san me ta ce? Sannu Alhaji. Basiniya fa. Sannu Alhaji."

Sabiru ya ce madalla, amma sai da ya ji abin har cikin haƙoransa.

Waris ɗan Zangon Kumasi ne, ejan ɗin tufafi a kasuwar Canaan. Ya zo garin bayan Sabiru, kuma Sabiru ne ma ya fara nuna masa yadda ake sayen katin jirgi. Mutum ne mai faɗin fuska, mai tafiya kamar ba a jiransa a ko'ina. In Sabiru ya zaga shago ashirin a wuni, Waris bai fi shida ba. Amma sai ga shi sunansa ya cika bakin mutane: Waris mai lambobi. Kamfanin kago mai jigilar kaya, masana'antar jakunkuna, har ofishin jirgin sama, duk inda wani ya maƙale a kan 400 yana jin kiɗa, sai a ce a tambayi Waris, ya fito da ta 020, kyauta kuma.

Wannan kyautar ce ta fi ci wa Sabiru rai. Da sayarwa yake yi, da an san farashinsa an huta.

A gidan abincin Shitu, inda ake samun tuwo da miyar kuka a hawa na uku, Sabiru ya tsinci kansa yana ƙirga abin da bai shafe shi ba. Shi ya shigo, mutum biyu sun ɗaga masa hannu. Waris ya shigo, tebur huɗu sun amsa, har wani Bamaraɗe ya ja masa kujera. Naman da Shitu ya sa wa Waris ma, a idon Sabiru, ya fi nasa tsoka.

"Ɗan Kano," in ji Waris yana wanke hannu, "yau ma a tsaye za ka ci? Kujerar nan ba a biyan haya."

"Wasu aiki suka zo yi, Ɗan Zango. Wasu kuwa rabon lamba."

"Kai ma in kana so ai sai ka faɗa."

"Allah ya kiyaye. Ni kayana ba sa ɓata, balle a yi ta neman su a waya."

Aka yi dariya, Waris ya fi kowa yi, Sabiru ya bar rabin tuwonsa.

Ana haka kayan Sallah suka taso. Kwantena guda cur ta takalma Alhaji zai yi, cinikin da Sabiru ke jira tun farkon shekara. Sai Alhaji ya yanke magana.

"Ɗana, ba na ƙin ka. Amma in ban ji muryar ɗan Adam a siton nan ba kafin a fara lodi, Waris zai ɗauki wannan. Na tsufa da sauraren goge."

Sabiru ya shiga nema irin nasa, da sauri da tsari. Ya juya rasit baya, 400. Ya duba jikin motar kamfanin, 400. Ya tambayi yarinyar da ke karɓar kaya a kanta, ta ce "meyo", wato babu, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya saya wa mai gadi lemo mai sanyi, mai gadi ya shanye, ya ce meyo. Ya buga 400 ɗin da kansa, ya yi haƙuri da kiɗan har mutum ya ɗauka, ya roƙi lambar ofis, aka maimaita masa wadda ya bugo.

Tambayar Waris kuwa ba ta cikin lissafi. Sai dai ya bi shi. Wata safiya ya hango shi ya nufi siton da shi Sabiru ke kai kaya, ya bi bayansa nesa-nesa kamar ɓarawo, yana sa ran ya ga ambulan ta wuce daga hannu zuwa hannu. Ya laɓe bayan tarin kwalaye ya leƙa ta gilashin ofis. Ga Waris a teburin shayi tare da Lauban Fang, tsohon da ke da siton. Ba takarda, ba kalkuleta, ba maganar kaya. Tsoho na zuba shayi, Waris na ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu alamar godiya, suna nuna wa juna hotunan yara a waya.

Wato kujerar da Sabiru ya yi shekaru yana ƙi, ita ce wani ya zo daga baya ya zauna a kai ya kwashe komai. Ya koma Panyu yana jin kamar an shiga ɗakinsa an ɗauki abu.

Washegari da hantsi ya shiga ofishin, Lauban Fang ya nuna kujera kamar kullum ba tare da sa rai ba, sai Sabiru ya zauna. Tsoho ya dube shi ta saman tabarau, ya kunna buta.

Sabiru ya zo da shirinsa. Ya san shayi a wurin mutanen Nijar: zagaye uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, a wanke kofi a tashi. Don haka kofi uku zai sha, ya nemi lamba, ya kama gabansa. Kuma a tarbiyyar gidansu, abin da maigida ya ba ka ba ka barin saura. Ya shanye na farko tas, ya ƙwanƙwasa tebur yadda ya gani. Na biyu. Na uku. Ya gyara zama zai buɗe baki, sai ya ga kofin ya sake cika.

Ya ce a ransa wataƙila nasu huɗu ne. Ya shanye. Aka cika. Ya ƙara sauri don a gama da wuri, tsoho ma ya ƙara sauri. A na tara Lauban Fang ya ɗaga masa babban yatsa, ya tashi ya buɗe kabad, ya fito da wani ganye naɗe a takarda, ya zubar da na farko, aka soma sabo. Waya na ta zillo a aljihun Sabiru, masu shago na jiransa a Zhanxi Lu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, mararsa ta ɗaure, yana murmushi yana ƙirgawa.

Yana kan na goma sha bakwai aka turo ƙofa.

"Salamu alaikum. A'a, Ɗan Kano? Kai ne a zaune?" Waris ya dubi fuskarsa, ya dubi butar, ya cije leɓe. "Na nawa ke nan?"

"Ba ruwanka."

"Ka bar shi a cike, ɗan'uwa. A nan kofin da ba komai a ciki roƙo yake yi. Muddin kana shanyewa yana zubawa, ko da za ku kai la'asar."

Sabiru ya ajiye kofin a hankali, a cike. Butar ta tsaya. Haushin da ya ji na cewa daga bakin Waris maganar ta fito ya kusa fin sauƙin da ya samu.

Lauban Fang kuwa fuskarsa fal fara'a. Da Turancinsa gutsi-gutsi ya ce wannan aboki shi ne ya san shayi, Waris leɓe kawai yake jiƙawa. Shekara da shekaru, in ji shi, ya zaci Sabiru ba ya son sa ne. Sabiru ya ga dama ta samu, ya faɗi buƙatarsa a jimla ɗaya: akwai dattijo a Kano da ke son jin murya. Tsoho ya miƙa hannu bayan tulun ganyen shayi ya janyo wata tsohuwar wayar tebur, ya karɓi lambar Sabiru ya danna. Aljihu ya yi ƙara. A fuskar wayar ga ta nan, 020.

Sabiru ya ce shiye-shiye, ya tambayi inda banɗaki yake.

Da gari ya waye a Kano Alhaji Ma'azu ya buga, bugu ɗaya aka ɗauka. Ya gaisa da yarinyar nan mai karɓar kaya, ya gaisa da lauban, ya tambayi kwalayensa aka faɗa masa. Sannan ya kira Sabiru.

"To, yanzu na ji mutum. A loda takalma, naka ne. Kayan yara dai a bar wa Waris, yaron yana da kirki. Ka gaishe shi."

"Zai ji, ranka ya daɗe."

Waris bai ji ba.

Yanzu Sabiru na zama shan shayi, a wurare biyar da ya zaɓa da kansa, kuma ya iya barin kofi a cike. Lambobi masu gari sun fara taruwa a wayarsa, har wani ɗan Yamai ya taɓa tare shi a matakalar Shitu yana neman ta kamfanin kago. Sai dai akwai abin da ya gani ranar nan yana dawowa daga banɗaki, wanda bai bar shi ba har yau. Shi dai farin kofi aka ba shi, cikin jerin na baƙi da ake ɗaurayewa a ba kowa. Waris kuwa tsoho tashi ya yi ya ɗauko masa wani ɗan kofi ruwan ƙasa daga saman kanta, inda yake ajiye na 'yan gida, kowa da nasa.

Kofuna shida ne a kan kantar. Duk zuwan da Sabiru zai yi sai ya ɗaga ido ya ƙirga, ko an ƙara na bakwai.