Darasin Kyauta Da Na Ɓoye Wa Ƙanena

Ko ƙasa ta rufe mini ido, ban jin zan manta ranar da muka dawo daga unguwar Treichville da ke ƙetaren ruwa ni da ɗan baffana, muna kujera ɗaya a jirgin ruwa amma ya ƙi ko kallona.

A unguwar Adjamé aka haife ni, a shagon atamfar mahaifina na yi wayo. Baba yana da doka guda da yake nanata mana kamar karatun allo: "Ka ba mutum abincinka, ka ba shi wurin kwana, amma kada ka nuna masa inda kake saro kaya." Haka duk 'yan layinmu suke. Na sha wannan magana har ta zame mini jini, ban taɓa tambayar iyakarta ba.

Ni kuwa atamfa ba ta shiga raina ba. Abin da nake so shi ne aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, amma kuɗin lakwal, wato makarantar da ake koyarwa, ya fi ƙarfinmu. Wata Lahadi na kai tsohuwar kwamfutata gyara wajen wani dattijo Bakano a Treichville, na yi masa kukan halina. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai abin da kake nema yana zube a intanet, ba ko sisi." Ya nuna mini inda ake samun darussan bidiyo da Faransanci, da littattafai na kyauta, da wata manhaja da mutum zai gwada haɗa na'urori ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba. Ya ce in riƙa zuwa duk Lahadi ina saukewa da intanet ɗin shagonsa. Shi ya koya mini ɗaura kan wayar rezo da hannuna.

Ɗakinmu ɗaya da ɗan baffana, wanda na girme shi da shekara guda. Daga ƙauyenmu na Nijar ya zo, kuma baffa ya ba shi shekara ɗaya: ko ya kama sana'a, ko ya koma gona. Kafin nan yana tura wotoro, amalanken dakon kaya a kasuwa. Gaskiya ɗaya ce, ya fi ni kai. Sau ɗaya zai leƙa abin da nake yi, ya jefo tambayar da zan kwana biyu ina nema wa amsa. Wannan ne ya tsorata ni.

Wata rana ya ce, "Yaya, don Allah a ina kake samun karatun nan?"

Ban ko yi tunani ba, bakina ya ba da amsar 'yan kasuwa. Na ce, "Lakwal ce ta kuɗi, ɗan'uwa. Da tsada sosai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Allah ya hore mana." Bai sake tambaya ba. Ni kuwa har daɗi na ji, wai na tsare hanyar kayana. Kai, wauta ba ta da magani.

Bayan wata takwas dattijon ya kira ni. Ya ce wani kamfani a bakin tashar jiragen ruwa zai ja wayoyin rezo a sabon sito, suna neman mutum biyu da suka saba aiki tare, ba sa ɗaukar ɗaya. Gwaji nan da kwana goma. "Ka zo da abokin karatunka," in ji shi. Ni kuwa ba ni da abokin karatu.

Na koma gida na zube wa ƙanena komai, na ce darussan lakwal ne na samo masa. Ya ajiye wotoro ya duƙufa. Wallahi ya yi abin mamaki, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A wajen gwaji ya ɗaura waya daidai, sai aka ce ya raba wa kwamfutoci adireshi, nan ya tsaya yana zufa. Aka ɗauki wasu samari biyu 'yan Treichville. Da na tambaye su inda suka yi karatu, bidiyoyin nan nawa suka ambata, sai dai su tare suke kallo.

Muka biya shagon dattijon mu gaya masa. Ya dubi ƙanena ya ce, "Kwana goma kacal ka kai haka? To kai," ya juyo gare ni, "wata takwas kana ɗibar ilimi kyauta a nan, me ya hana ka zo da ɗan'uwanka?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Muka shiga jirgi a tashar Treichville. Sai da muka kai tsakiyar ruwa ƙanena ya yi magana, idonsa a waje.

"Yaya, da cewa ka yi ba za ka nuna mini ba, da ya fi mini sauƙi. Wata takwas ina jin kunyar talaucina, ashe abin kyauta ne."

Wa'adin baffa ya cika bayan mako shida. Na roƙe shi ya zauna, na yi alkawarin koya masa komai, ya ce ya gode. Ya koma gona. Yau ni ina cin abinci da wannan sana'a, shi kuwa in na kira shi sai gaisuwa ta mutunci, daga lafiya lau ba ƙari. Ya ce ya yafe, na kuma yarda, amma ni ban yafe wa kaina ba.

Dokar Baba ta atamfa ce, wadda in wani ya saya take ƙarewa. Ni na ɗora ta kan abin da ba ya raguwa don an raba. Bidiyoyin da na ɓoye suna nan har gobe, kowa na iya buɗewa kyauta. Ƙanena ne kawai ban sake samu ba.