Rijiyar da Malam Isufu ya hana a toshe

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu, amma har yau in na ga kwanukan aurena da gishiri ya cinye, sai in ji kamar in tashi in yi masa faɗa.

Ma'aikacin gwamnati ne mai awon ruwa. A shekarun fari, soja na mulki, aka tura shi arewa tare da masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Can wata rijiya ta fito da ruwa mai zafi, ga gishiri kamar me, ko raƙumi sai ya sansana ya kau da kai. Makiyayan da suka zauna jiran ta suka kora sauran dabbobinsu suka tafi. Kwamandan yankin ya ce a cike ta da siminti.

Malam ya ƙi sa hannu. Ya ce a yi mata murfin ƙarfe mai buɗuwa, domin ruwan da ya dahu a ƙarƙashin ƙasa yakan narko ƙarafa masu daraja. Ka ce wa mai kaki a'a a wancan zamani! An sa murfin, amma aka dawo da shi Yamai, aka hana shi shiga labo, ɗakin gwaje-gwajen ruwa, har ya yi ritaya.

Bai daddara ba. Ya zo gidanmu na unguwar Lazaret da jarkokin ruwan, ya sauke kwanukan jerena, waɗanda ko tuwon sallah ban taɓa zubawa a ciki ba, ya zuba ruwan a cikinsu ya shanya a rana yana kankare abin da ya daskare.

Na ce, "Malam, kayan ɗakin nawa?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Rabi, aro na yi."

Guda ɗaya tak na ɓoye.

Yanzu jikarmu Hadiza, da ke karatun kimiyya a jami'a, ta ce a wasu ƙasashe ana tace irin ruwan nan a ciro ƙarfen batirin salula, a mai da ruwan ƙasa. Da yana raye ba zai yi alfahari ba, na san shi. Tambaya zai yi: makiyayan nan fa, me za su samu?

Bana Hadiza ta je arewa ta nemo rijiyar. Murfin ya yi tsatsa, amma ya buɗu, ruwan na nan da zafinsa. Da ta dire jarkar ruwan da ta ɗebo a tsakar gida, kuka na yi. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko mata kwanon nan da na ɓoye.

Allah ya jiƙanka, Malam. Na yafe sauran.